Kwanon Ubana da Kwantenar Farko

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma wakilin gwamna, shugaban hukumar tasharmu ta jiragen ruwa da injiniyoyinsa, baƙinmu da suka ƙetaro teku, liman da fadan coci da na ga an zaunar kafaɗa da kafaɗa, direbobin ƙugiyar ɗaga kaya abokan wahalata, masu tirela, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Wanda bai san ni ba, ni ne Usta Shahata Abdul-Ati, dattijon direbobin ƙugiya na wannan tasha, shekara talatin da huɗu a sama. Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana yau, ina godiya ga hukuma da ta ba ni lasifika, ina kuma godiya ga wanda ya rubuta mini jawabin da zan karanta. Takarda ce mai kyau. Tana aljihuna, a nan kuma za ta wuni, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Magana ta farko, yabo ne. Shekaru muna tsaye a gaɓar nan muna kallon manyan jirage suna wuce mu, su nufi Dumyat, su nufi Bur Sa'id, domin ruwanmu ba zurfi, matsayarmu ba tsawo. Yau an yashe tekun, an ƙara gaɓar, an kafa sababbin ƙugiyoyi shida. Direbansu ba zai hau matakala ɗari biyu ba, ba zai gasu da rani ba, iska ba za ta yi lilo da shi ba. Yana ɗaki mai sanyi, kujera mai laushi, allo a gabansa, 'yar sandar tuƙi a hannu, shayi a gefe. Na yi murna, Allah ne shaidata. Amma da na leƙa ɗakin nan, wallahi sai na tuna gwiwoyina.

Magana ta biyu, al'adarmu. Duk ranar da aka buɗe sabuwar matsaya, dattijon direbobi ne ke ɗaga kwantenar farko. A yanka rago, a tari jinin a wani kwanon tagulla, ya tsoma tafinsa ya buga a ƙafar ƙugiya. Kwanon kuwa a gidan dattijo yake zama. Ubana ya buga nasa a matsaya ta uku, har gobe masu fenti kewaye wurin suke yi. Ni shekara goma sha ɗaya ke nan kwanon yana ɗakina, ina goge shi duk sallah, ina jiran wannan rana, ina jiran wannan rago da kuke jin kukansa.

Magana ta uku, ita ce mai ɗaci. Aka ce duk mai son sabuwar ƙugiya sai ya yi gwaji a ɗakin allo. Na shiga ina taƙama. To ku da ba ku taɓa hawa ba, ku sani direban ƙugiya ƙasa yake kallo. Ɗakinsa daɓen gilashi gare shi, kwantena tana can tsakanin ƙafafunsa, haka zai wuni a sunkuye. Ku dubi wuyana, ai ba haka aka haife ni ba. Da aka kunna allo aka ce bismillah, sai na ware gwiwoyi, na sunkuya, na zuba wa daɓen ɗakin ido. Injiniya Nirmin, ga ta can, Allah Ya yi mata albarka, ta ce mini a hankali:

"Baba Shahata, me ya faɗi? Kwantenar tana gabanka."

Na ce, "'Yata, tunda nake, kwantena ba ta taɓa zama a gabana ba."

Sau uku aka ba ni dama. Sau uku, da zarar kaya sun fara lilo, kaina ya koma ƙasa, ina jiran kujera ta girgiza ta gaya mini inda iska take, kujera kuwa ko gezau. Na fasa kwantenonin ƙarya sun fi goma.

Wa ya ci? Milad. Usta Milad Girgis, maƙwabcina, ga shi can yana sunne kai kamar mutumin kirki. Na girme shi da shekara shida. Ni na koya masa hawa, ni na riƙe masa ƙugu ranar da ya yi amai a matakala ta tamanin. Mutumin da nake yi wa dariya a gidan shayi domin yana zama da jikokinsa yana buga wasan ƙwallo a talabijin, ashe karatu yake yi ban sani ba. Ya fito daga gwaji ya dafa ni ya ce in zo gidansa ranar Juma'a, jikarsa za ta koya mini ɗaga kai kyauta.

Jama'a, na yi kishi. Ban ce na ji ba daɗi ba, kishi na yi, irin mai hana cin abinci. Wata biyu ban amsa gaisuwarsa da kyau ba. Matarsa ta aiko mana da kifin gishiri, na ce ya yi wari, alhali shekara talatin ina lashe yatsu. Na ce injiniyoyi sun yi son kai, na ce allon ne ba shi da kyau. Da hukuma ta ce Milad ne zai ɗaga kwantenar farko, ta aiko neman kwano, sai na ce ya ɓata. Shi ya sa kuke ganin wancan kwanon roba na kasuwa kusa da ragon. Bai ɓata ba. A ɗakin tattabaru na ɓoye shi, a saman bene.

Shekaranjiya uwar 'ya'yana, Ummu Sabri, ta hau ba su hatsi, ta sauko da kwanon ta dire a gabana. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Tambaya ɗaya ta yi mini:

"Abu Sabri, shi ubanka wa ya ba shi?"

Na san amsar, domin labarin da na fi bayarwa ke nan. Lokacin da ƙugiyar farko ta zo tashar nan, dattijon ma'aikata Rayyis Zaki ne, shugaban masu dako, wanda ya yi shekara arba'in buhu na bayansa. Bai iya tuƙi ba. Shi ya ɗauko kwanon nan, a gaban jama'a, ya miƙa wa ubana, saurayi ɗan shekara ashirin da shida. Na ba da labarin nan ya fi sau ɗari, kullum ina kallon ubana yana tsoma hannu, kullum ina jin guɗa. Ko sau ɗaya ban taɓa waiwayawa na dubi fuskar Rayyis Zaki ba, ban taɓa tambayar yadda ya isa gida ran nan ba. Yanzu na sani.

Saboda haka magana ta ƙarshe, roƙo ne ga hukuma. Mu goma sha huɗu ne muka faɗi gwajin nan, duka masu karkataccen wuya. Kada ku bar mu mu koma gida yadda Zaki ya koma, ba wanda ya waiwaya. Akwai abin da muka sani game da iskar tekun nan wanda ba ya cikin allo.

Kai kuma Milad, taso. Taso mana, kunyar me kake ji yanzu? A kawar da robar nan. Ga kwanon ubana, ungo. Riƙe da hannu biyu, ya girme ka. Ka buɗe yatsunka sosai ka buga, idan ya karkace ni ne farkon mai kai labari gidan shayi. Kada kuma ka ɗauka kishin ya wuce, yana nan daram. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to na zuba maka na wata biyu, sai ka yi ta tsiro.

Allah Ya albarkaci wannan tasha, Ya kawo jirage lafiya Ya mayar da su lafiya. Allah Ya jiƙan ubana, Ya jiƙan Rayyis Zaki, Ya yafe mini jinkirin da na yi kafin in sa shi a addu'a. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya. Saura guda ɗaya, wadda wata biyu bakina ya ƙi furtawa, ku taya ni da amin: Allah Ya sa kwantenar Milad ta sauka daidai.

Na gode.