Da An Tare Su a Kwatarkwashi

A tashar Bukkuyum, ana jiran motar Gummi ta cika, wani dattijo ya dubi malamin makarantar da ke gefensa.

"Malam, da dakarunmu sun kore Nasara a yaƙin Kwatarkwashi, da ba su ci ƙasar ga ba, ko?"

"Da wuya, Baba. Ko sun gudu, da sun dawo da manyan bindigogi."

"A'a, ka bar su sun tafi ɗin. Da injin niƙa ya zo garinmu?"

"Wataƙila da bai zo ba. Amma ai inji ya hutar da mata daka."

"Ya hutar da su. Da hantsi ya niƙa dutsen zinariya, da marece ya niƙa muna gero. Ba wanda ya san akwai gubar dalma ciki. Jikata Hure tana tatata, fura kawai ta sha."

"Allah ya sa mai ceto ce, Baba. Amma ƙaddara..."

"Na san ƙaddara, ɗana, na yi tawakkali. Ni dai duk sanda na kore su a Kwatarkwashi cikin raina, sai in ga Hure ta isa shiga makaranta. Kai kuma ga shi ka dawo min da su."