Shari'ar Ganyen Mangwaro

A bencin da ke ƙofar kotu, wata mata ta matsa wa wani dattijo ya zauna.

"Baba, kai ma ƙararka aka kawo?"

"A'a, ni na kawo ƙara. Ƙanena na maka a kotu."

"Subhanallahi! Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Nono ɗaya muka sha. Mangwaronsa ne ke zubar min da ganye a tsakar gida."

"A kan ganye? Ai da ka taka ka faɗa masa."

"Ba ma ga maciji tun rasuwar mahaifiyarmu. Ko a hanya ya hango ni, sai ya tsallaka titi. Amma sammaci ba ya tsallakuwa."

"To, Allah ya sa a yanke muku hukunci yau, kowa ya huta."

"Ba amin ba. Roƙo zan yi a ɗage zaman. Mai ba ni shaida bai zo ba."

"Ina ya tsaya?"

"Ban samo shi ba tukuna."

"Baba, anya kana son cin shari'ar nan?"

"Ina so mana. Sai dai bishiyar ta bushe tun bara, har an sare ta."

"Shi kuma bai gaya wa alƙali ba?"

"Ko da wasa. Shi ma lauyansa ɗagewa yake nema. Ga ƙanen nawa can yana tahowa. Kin ga ya rame? A zaman da ya wuce ba ya dogara sanda."

Matar ta waiwaya ta dubi mai tahowar.

"'Yata, ƙara matsowa nan, ki bar masa gefen bencin. Kada ki ce ni na ce."