Tambaya ta Tara

NAJIBA: Salamu alaikum. Anti Shafa'atu, ina wuni?

SHAFA'ATU: Wa alaikumus salam. Najiba ce? Ya Malumfashi, ya yara?

NAJIBA: Lafiya lau. Ya Funtua? Ya Abban Awaisu, ya ƙafar Hajiya?

SHAFA'ATU: Da sauƙi, an gode. An fara kwasar masara a wajenku?

NAJIBA: An fara. Dama a kan... Anti, kina ji na?

SHAFA'ATU: Kina yankewa. Fito daga ofishin malamai.

NAJIBA: Na fito. Na ce takardar bitar Laraba ta iso makarantarku?

SHAFA'ATU: Ta iso. A ɗakin taronmu za a yi, ni aka ba jera kujeru. Sau biyu na karanta sunan mai gabatarwa. Malama Najiba Abdussamad za ta nuna mana yadda ake koyar da ƙarfi da motsi ta hanyar ba ɗalibai matsala su warware da kansu. Shekarata sha tara ina koyar da fiziks, ke kuma kemistiri kika karanta, amma na ce to, Allah ya sa albarka.

NAJIBA: Amin. Ai aikinki ne, Anti. Da aka mayar da ni nan aka jibga mini fiziks don babu malami, ba koren littafinki na tambayoyi kika ara mini ba?

SHAFA'ATU: Aro dai. Ban ga sunana a takardar ba.

NAJIBA: Ba ni na buga ba. Jami'in shiyya ne ya zo duba makaranta, ya tarar da 'yan aji biyar a fili sun rataya sikelin 'yan hatsi a jikin baro, suna ja suna rubuta lamba. Wata yarinya, Suwaiba, ta yi masa bayanin dalilin da ya sa tayar da baro ya fi ci gaba da jansa wuya. Ya tambayi wa ya koya mata, ta ce babu, ita ta auna.

SHAFA'ATU: Tambaya ta huɗu ke nan. Da biro ja na rubuta ta.

NAJIBA: Ita ce. To, ta tara ce ta tsaya mini.

SHAFA'ATU: Amalanken shanu da buhu goma, zai haura gangaren rafi.

NAJIBA: Ita na so in nuna ranar Laraba. Na kai yaran can garin Tsiga, wajen wani mai amalanke, Malam Buba. Kwana uku suna lissafi, suka ce a tara buhunan can bayan tayoyi don a rage wa shanun nauyi a wuya. Ni ma na ga ya yi daidai. Malam Buba ya kalli lodin, ya kalle ni, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi shanunsa ba na gwaji ba ne, ya kwance su ya tafi. Yara arba'in suna kallona.

SHAFA'ATU: Baya kika sa suka tara? Ana fara hawan gangaren amalanken zai ɗaga baki, karkiyar ta shaƙe shanun. Wannan ko a garinmu Mahuta ina 'yar shekara takwas na...

NAJIBA: Yauwa, tsaya in ɗauko biro. Ya ake rubuta shi a lissafi? Kuma me ya sa Malam Buba ya ce nauyin wuya shi ne ƙafar shanu? Na duba littafin har bango, babu amsa.

SHAFA'ATU: Ban rubuta amsa ba. Tambayoyi ashirin ne, amsoshin suna kaina.

NAJIBA: Shi ya sa na kira.

SHAFA'ATU: Wata biyar ba ki kira ba. Ranar da jami'i ya yaba miki a bakin masinja na ji.

NAJIBA: Na ji nauyi ne.

SHAFA'ATU: Kin san Awaisu ya ga hoton baronku a wayar abokinsa? Ɗana na cikina ya ce, Umma, me ya sa ku ba kwa yin irin na Anti Najiba?

NAJIBA: Me kika ce masa?

SHAFA'ATU: Na ce manhaja ba ta barin mutum.

NAJIBA: Anti, ki yi haƙuri, manhajarmu ɗaya. Shekara shida littafin nan yana cikin durowarki kina cewa sai shugaban makaranta ya yarda. Ni ban tambayi kowa ba, na fitar da su waje kawai.

SHAFA'ATU: ...

NAJIBA: Halo? Anti? Ya yanke ne?

SHAFA'ATU: Bai yanke ba.

NAJIBA: Don Allah ki faɗa mini. Zan ambaci sunanki tun a farkon jawabi.

SHAFA'ATU: A'a. Ba ke za ki nuna mana a daina ba yaro amsa a baki ba? Kina da kwana huɗu, ga shanu, ga sikeli. Ki auna.

NAJIBA: In ban gano ba fa? A gaban malamai sittin?

SHAFA'ATU: Sai ki jefa wa ɗakin tambayar. Ni ke jera kujeru, tawa tana layin gaba. Zan ɗaga hannu.

NAJIBA: Haba Anti, ke ma kin san...

SHAFA'ATU: Ki taho mini da littafina. Litinin ta bayan bitar ina da 'yan aji biyar, kuma akwai baro a makarantarmu. A gaida yara.