Tiya ba mudu ba ce

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu, mai zama a layin baya kusa da hita saboda sanyi.

Aikina a London shi ne bincike. Ina tattara farashin masara, waken suya da citta daga kasuwannin Arewa, in rubuta rahoto ga masu zuba jari. Takardar zamana a ƙasar nan a kan aikin take rataye.

Wata safiya manaja ya tara mu, ya ce an ba wani kamfani a Indiya aikin sashenmu. Ni kuma aka ce in koya wa yaransu aikin kafin in kama gabana. Ku ji fa! Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro ya kama ni. A jirgin ƙasa na District line nake kuka har Barking, ina tunanin yadda zan cire 'yata daga makaranta mu koma Kafanchan.

Ana cikin haka na ga kuskure a rahoton da wani yaro daga kamfanin na Indiya, Arun, ya haɗa. Ya ɗauka tiya da mudu awo ɗaya ne, duk farashin ya karkace. Zuciyata ta ce in yi shiru, rahoton ya fita su sha kunya, a san darajata.

Na kai maganar wurin Mama Ladi, shugabar zumuntar mata a Catford. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Rifkatu, yaron nan ma ɗan wani ne. Durƙusa mu yi addu'a."

Muka durƙusa a kicin ɗinta. Na faɗa wa Ubangiji gaskiya, cewa ba na son in taimaki yaron. Da na tashi, nauyin ya sauka.

Washegari na kira Arun, na ɗauko kwano biyu, tiya da mudu, na nuna masa bambancinsu ta kyamara. Ya yi ta godiya, ashe shi ma a tsorace yake.

Bayan na bar ofis, shugabar kamfanin su Arun ta kira ni. Arun ya ba ta labari. Suna neman wanda zai riƙa duba rahotannin Afirka daga nan London, kuma za su ɗauki nauyin takardata. Haleluya!

'Yata tana makarantarta har yau. Na gode wa Yesu. Wanda aikinsa ke rawa a cikinku, kada ya bar tsoro ya zaɓa masa abin yi. Ku dogara ga Ubangiji. Amin.