Sukarin da Ta Zuba da Hannunta

A ɗakin jiran ganin likita, wata dattijuwa ta ciro kwalba daga jaka, ta miƙa wa budurwar da ke gefenta.

"'Yata, idona ya gaza, karanta min rubutun nan. Maigidana ke da ciwon sukari, likita ya ce in kawo duk abin da yake ci."

"Mahaɗin salak ne, Mama, irin mai tsamin nan da ake kira balsamik. Akwai man zaitun, wannan mai kyau ne. Sai ruwan inabi, da gishiri, da sukari."

"Sukari? Abin da tsaminsa ke sa mutum yamutsa fuska?"

"Tsamin ne ke rufe zaƙin. Cokali ɗaya dai ba laifi. Nawa kike zuba masa?"

Dattijuwar ta dubi ƙofar da mijinta ya shiga.

"Sai ganyen ya nutse. Kullum, wata huɗu, ni a zatona magani nake ba shi. Da awonsa ya ƙi sauka, cewa na yi alewa yake sha a ɓoye. Har aljihunsa na zazzage a gaban jikokinmu."

"Me ya ce?"

"Rantsuwa ɗaya ya yi, bai ƙara ba. Ya kuma cinye salak ɗin tas."

"Haka muka zargi babana," in ji budurwar a hankali. "Ni ban samu na ba shi haƙuri ba har ya rasu."

Ƙofar ta buɗe. Dattijuwar ta karɓi kwalbar, ba ta mayar da ita jaka ba, ta miƙe ta tari mijinta.