Dariyar Maigidana

A ɗakin jiran ganin likita, talabijin ɗin bango na maimaita wani tsohon wasan barkwanci. Wani saurayi ya miƙe zai canza tasha, sai wata dattijuwa ta riƙo rigarsa.

"Kul, ɗan nan! Kada ka taɓa."

"Haba Inna, ƙwallo ake bugawa fa. Wannan wasan ai ya girme ni."

"Maigidana na ciki."

"Don Allah? Shi ne mai tumbin nan da ke korar 'yan haya?"

"Wancan? Allah ya kiyaye! Nawa ba a ganin sa, jin sa ake yi. Ka ji masu dariya a bayan fage? Ka ji wadda ta fi ta kowa, kamar an shaƙe akuya? To, shi ne, Allah ya jiƙansa."

"Au, ashe ɗan kallo ne kawai."

"Kawai? Da mota ake zuwa ɗaukar sa! Ranar da mura ta kama shi, mai tumbin nan cewa ya yi ba zai yi wasa ba. In maigidana bai kece da dariya ba, babu mai kecewa. Ƙasar nan kaf bayansa take bi."

"Lallai kin more, Inna. Gidanku kullum ana ƙyaƙyatawa ke nan."

"A gida? Ko haƙorinsa ban taɓa gani ba. Ni ma a akwatin nan nake jin ta, kamar kowa."

Ta saki rigar.

"Tunda kana tsaye, ƙara mini murya."