Yayana Yana Rukunin Ƙarshe

Shugaban taro, wakilan rundunar soja, iyayenmu mata da suka cika kujerun gaba, matan sojoji, jama'a har da na bakin taga, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba kafinta dama, mutumin da karatunsa bai wuce abin awo ba.

Na farko, murna. Shekara uku 'yan'uwanmu suna aikin kiyaye zaman lafiya a ƙetare, yau ga shi an ce za su dawo. Tun ranar da aka sanar, innarmu ta wanke zanen gadon yayana sau uku. Na ce, "Inna, zai yage kafin mai shi ya iso." Ta ce, "Kuɗinka ne?"

Na biyu, takardar da ke zagayawa, mai neman a kwaso su gaba ɗaya maimakon rukuni-rukuni. Yayana yana rukunin ƙarshe, sai bayan wata biyar. Duk ɗakin nan ba wanda ya fi ni son sa hannu, amma ba zan sa ba.

Mu a wurin gini, in za a zuba rufin kankare, sanduna muke kafawa su tokare shi. Mai gida kullum sauri yake, a cire, a cire. Ba ma cirewa rana ɗaya. Mu zare ɗaya, mu ɗaga kai mu duba, mu saurara, sannan mu taɓa ta gaba. Wanda ya zare su duka lokaci guda, a kansa rufin yake sauka, shi da wanda ke ƙasa.

Jiya na kira yaya na ce ko in sa hannu. Ya yi dariya ya ce, "Kai, sarkin ƙusa, gadar da nake gadi yara ke bi zuwa makaranta. Masu karɓar gadin daga hannunmu ba su gama koyon aikin ba. Ka ce wa Inna ta ƙara mini wata biyar."

Inna, ga saƙonki, na isar a gaban shaidu. Ki daina hararata.

Abin da nake roƙo, a canza takardar. A rubuta mana ranar kowane rukuni, a manna a ƙofar nan, kada a ɗaga ko da kwana ɗaya. Wannan zan sa wa hannu, Inna kuma ta dangwala.

Allah ya dawo da na farko lafiya, ya dawo da na ƙarshe lafiya, ya zaunar da ƙasar da za su bari. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.